Mai Wasa ta Huɗu

Ranar da abin ya fara, babu wata alama da ta nuna cewa yammar za ta bambanta da sauran. La'asar ta yi sanyi, inuwar katanga ta cinye tsakar gida, Umma tana kicin, ƙarar murfin tukunya tana fitowa ta taga. A falo kuwa mutum uku ne zaune bisa darduma a gaban talabijin: maigidan, wanda kowa yake kira Mai Katafila saboda aikinsa na tuƙa katafila, da 'ya'yansa mata biyu.

Wata takwas ya yi ba ya gida. Kamfaninsu ya tura shi bakin teku, tafiyar kwana biyu a mota, inda ake share fili domin gina katafaren otal na masu yawon shaƙatawa. Da ya dawo hutu sai ya tarar yaran sun yi masa nisa. Auta, mai shekara goma sha ɗaya, ta riƙa leƙensa ta bayan labule kamar baƙo. Babbar, wadda ake ce wa Lauya don ba a taɓa kayar da ita a musu ba, ta gaishe shi da ladabi mai sanyi, irin wanda ake yi wa shugaban makaranta. Abin da ya narkar da su shi ne tsarabar da ya zaro daga ƙasan jaka: akwatin gem, irin wanda ake haɗawa da talabijin, da rimot huɗu.

Wasan na mutum huɗu ne. Kowa ya zaɓi ɗan mutum-mutuminsa, a riƙa jefa ɗan ludo bi da bi, a bi gidaje a kan wani fili ana tara lu'ulu'u, wanda ya fi tarawa bayan zagaye ashirin shi ne gwani. Filayen suna da yawa, amma yaran ba su yarda da kowanne ba sai na bakin teku. Farin yashi ne shimfiɗe, da bishiyoyin kwakwa, da laimomi masu launi, da otal mai jan rufi, da wata doguwar gadar katako da ta miƙa cikin ruwa shuɗi. Akwai ƙaguwa mai satar lu'ulu'un duk wanda ya taka gidanta. Ƙarƙashin kiɗan wasan, in ka saurara, za ka ji motsin igiyar ruwa.

"Baba, haka wurin aikinku yake?" Auta ta taɓa tambayarsa.

"Haka zai zama in an gama," ya ce, ya shafa kafaɗarsa ta dama, wadda ta yi watanni tana masa nauyi.

Rimot na huɗu an miƙa wa Umma tun ranar farko, ta ce ita da girmanta ba za ta zauna tana kokawa da ƙaguwar gilashi ba. Saboda haka na'ura ce take tafiyar da na huɗun, wata tsohuwar kififiya mai malafa, wadda kullum ita ce ta ƙarshe, kullum ita Lauya take yi wa dariya.

A wannan yammar, da layi ya zo kan kififiyar, sai ta tsaya. Ɗan ludon yana ta juyi a saman kanta, ba ta jefa ba. Suka jira. Lauya ta fara bayani cewa ai na'urar ce ta yi zafi, ta sha faɗa musu a daina ɗora ta a kan darduma. Tana cikin magana, rimot na huɗu, wanda yake ajiye a kan tebur babu mai taɓa shi, ya kunna 'yar fitilarsa. Mai Katafila ya ga maɓallin ya lotsa a hankali, kamar yatsa ya danna shi.

Shida ta fito. Kififiyar ba ta nufi inda lu'ulu'u yake ba. Ta juya, ta bi gadar katakon har ƙarshenta, ta tsaya ta ba su baya, tana fuskantar teku.

Daga nesa aka fara kiran sallar magariba. Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro da ƙara, ya dira tsakar gida. Wani ya biyo baya. Sannan uku a jere.

Mai Katafila ya fita da saurinsa, ya buɗe ƙofar waje, ya duba dama da hagu. Layin babu kowa sai wani mai keke da ya riga ya yi nisa. Ya dawo ya tsuguna ya ɗauki dutse ɗaya. Baƙi ne, mai santsi, a jiƙe. Ya kai shi hanci, ya ji ƙarnin ruwan gishiri. Ya san irin waɗannan duwatsun, wata takwas yana taka su. Ya sa shi a aljihu kafin Umma ta fito, ya ce mata yaran unguwa ne.

Washegari ma haka aka yi, haka ma kwana na uku. Da rana gida lafiya lau. Amma da zarar haske ya fara ja, tsuntsaye suka yi shiru, sai jifan ya fara, ya yi kamar minti goma, ya tsaya. Da safe Umma ta riƙa sharo farin yashi daga bakin ƙofar falo, yashin da babu irinsa a duk garin. Ruwan da ta tara a bokiti ya koma na gishiri. Wata yamma Auta ta shiga banɗaki ta fito a guje, ta ce ta ji wata tsohuwa tana kiran sunaye a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga yara kafin a rufe ƙofa.

Mai Katafila ya kasa zama wuri ɗaya. Ya hau rufi da tsani ya duba kwano. Ya zaga bayan gida sau ba adadi. Ya ɗauki akwatin gem ya kai wa mai gyara, aka kwance shi aka mayar, aka ce lafiyarsa ƙalau. Ya dawo ya cusa shi a kwali tare da rimot ɗin duka, ya ɗaure da igiya, ya ɗora a saman sif ɗin kaya. Da magariba ta yi, kiɗan wasan ya riƙa fitowa daga cikin kwalin, siriri, babu wuta babu waya. Ya zauna, ya tashi, ya kwance famfon da bai lalace ba ya sake ɗaurawa. In aka sa masa abinci, loma biyu zai yi ya miƙe.

Umma tana kallonsa. Shekara goma sha tara suna tare, ta san tafiyarsa in gaskiya ce a cikinsa, ta san tafiyarsa in akasin haka ne.

"Baban Lauya," ta ce masa rannan, tana ninke kaya, ba ta ɗago ba. "Akwai abin da ka baro a can ba ka faɗa mini ba."

"Me zan baro? Aiki na je."

"To," ta ce. Ta ci gaba da ninke kayanta.

A kwana na biyar Lauya ta yi shiru. Gidan da ba a shan ruwa sai da sharhinta ya wayi gari babu muryarta. Ta dawo daga makaranta ta ajiye jaka, ta zauna. Da rana ta kusa faɗuwa, Mai Katafila ya shigo falo ya tarar da ita a gaban talabijin da ke kashe, ta tanƙwashe ƙafa, rimot na huɗu a hannunta. Ya ɗaga kai ya dubi saman sif ta ƙofar ɗaki. Kwalin yana nan da ɗaurinsa. Ya dubi ƙafafunta. A jiƙe suke har idon sawu, da yashi a tsakanin yatsunta.

"Lauya. Tashi ki yi alwala."

Ba ta juyo ba. Bakinta ya motsa, amma muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a dushe, mai nauyi.

"Kunna mini."

Ya kama hannunta zai ɗaga ta. Shi mutum ne da yake ɗaukar buhun siminti a kafaɗa ɗaya, amma ko gezau yarinyar ba ta yi ba, kamar an dasa ta a ƙasa. Jifa ya ɓarke a kan rufi fiye da na kullum, har ƙura tana zubowa daga silin. Auta ta ƙanƙame Umma. Umma tana karanta duk abin da ya zo bakinta, tana mantawa, tana komawa farko.

"Kunna mini," muryar ta sake cewa.

Ya sauko da kwalin, ya haɗa wayoyi. Da farin yashin ya bayyana, shuɗin ruwan ya haska fuskar yarinyar, jifan ya tsaya cak. Lauya ta tafi da kififiyar zuwa ƙarshen gada, ta ajiye rimot a cinyarta. Hawaye ya riƙa zuba daga idanunta, ba ta ƙifta su ba.

Da safe suka kai ta asibiti. Likita ya auna duk abin da ake aunawa, ya ce jikinta babu ciwo, a bar ta ta huta. Amma ta daina cin abinci. Ruwa ma ba ta sha sai ta zuba masa gishiri. Cikin kwana uku wuyanta ya rame, leɓunanta suka tsage. Da rana tana kwance kamar tsumma, da yamma ta miƙe ta nufi falo, babu mai iya tare ta. Mai Katafila ya riƙa kai-komo a bakin ƙofa, daga falo zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa falo.

A rana ta huɗu da fara ciwon, Umma ta yafa mayafinta ba tare da ta nemi shawararsa ba. Ta dawo da wani dattijo siriri mai tabarau, wanda ya yi shekaru yana koyar da karatun addini kafin ƙarfinsa ya ja baya, aka kuma san shi da yi wa masu irin wannan lalura addu'a. Bai zo da komai ba sai carbi da 'yar butarsa.

Malam ya yi sallama, ya tsaya a tsakar gida yana duban tulin baƙaƙen duwatsun da Umma ta tara a kusurwa. Ya shiga falo ya dubi Lauya, wadda ta riga ta zauna a wurinta. Sannan ya ƙura wa talabijin ido tsawon lokaci.

"Wannan wane irin fim ne?"

"Wasa ne, Allah gafarta Malam," in ji Mai Katafila.

"To a koya mini. Ba na magana a kan abin da ban sani ba."

Auta ce ta yi masa bayani, murya ƙasa-ƙasa: ga ɗan ludo, ga lu'ulu'u, ga ƙaguwa ɓarauniya, ga kififiyar da ta ƙi yin wasa. Malam yana gyaɗa kai kamar ɗalibi.

"Kuma kullum nan take zuwa ta tsaya? Ba ta neman lu'ulu'un?"

"Ba ta nema, Malam."

"To ba wasan ne ya kawo ta ba," ya ce.

Suka yi sallar magariba shi da maigidan a tsakar gida, duwatsu suna sauka kusa da su, babu wanda ya taɓa su. Da suka idar, Malam ya zauna gefen yarinyar, ya sa Umma ta lulluɓe ta da zane, ta riƙe kafaɗunta. Ya fara karatu a hankali, ba tare da ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi. Hasken waje ya ƙare, ba a kunna fitila ba, shuɗin talabijin kaɗai ya rage a ɗakin. Can jikin Lauya ya fara kaɗawa, yatsunta suka nannaɗe, ta saki wani dogon nishi.

"Ya isa," muryar tsohuwar ta ce. "Kana ƙona ni."

"Ba ni nake ƙona ki ba," in ji Malam. "Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Tsohuwa ce. Na san Allah tun kakan kakanka bai zo duniya ba."

"To kin san zalunci haramun ne. Me yarinyar nan ta yi miki?"

Kan Lauya ya juya a hankali, ya tsaya a kan mahaifinta, wanda yake tsaye a jikin ƙofa.

"Tambayi wancan. Tambaye shi baƙin dutse."

Malam bai tambaye shi ba, ya dai dube shi ta saman tabarau. Umma ma ta dube shi. Mai Katafila ya ji ƙafafunsa sun gaji a karo na farko cikin kwanaki. Ya sulale ya zauna a ƙasa, ya fara magana yana kallon darduma.

Ya ce a ƙarshen filin da suke sharewa akwai wani baƙin dutse mai girman ɗaki, da wata tsohuwar bishiya a jikinsa, da ɗan ruwa mai daɗi da yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashinsa, taku kaɗan daga ruwan gishiri. Dattawan masunta sun zo har sau biyu suna roƙon a zagaye wurin, suka ce akwai masu shi. Injiniya ya ce a nan taswira ta sa wurin wankan baƙi. Direbobi biyu suka kawo uzuri, ɗaya ciwon ciki, ɗaya birki. Shi kuwa ya yi musu dariya, ya hau katafilarsa. Rana tana faɗuwa, yana sauri ya tashi daga aiki, ko bisimilla bai yi ba. Da bakin katafilar ya shiga ƙarƙashin dutsen, ya ji kuka kamar na yara ƙanana.

"Sai ka yi yaya?" in ji Malam.

"Sai na ƙara muryar rediyo."

Umma ta sunkuyar da kai a kan gashin 'yarta.

"Bakwai ne," muryar ta ce. "Jikokina. Kowa ya yi ta kansa, ban san inda suka faɗa ba. Ni dutsen ya danne mini ƙafa. Babu abin da na samu na kama sai kafaɗarsa. Da na farfaɗo, ga ni a mota, ga ni a garin da babu ruwa. Na ce a nan zan ƙare. Sai rannan suka kunna wannan, na ga gida."

"Na ji," in ji Malam. "An zalunce ki. Amma yarinyar ba ta tuƙa katafila ba."

"Jikokina ma ba su zana taswira ba. Bakwai ya watsa mini, ɗaya na riƙe. Ya gode."

"Ba za ki riƙe ta ba."

"To ya ba ni hannun da ya ja ƙarfen. Ya shanye daga kafaɗa har yatsu, in tafi."

Mai Katafila ya miƙo hannunsa na dama, ya buɗe baki. Malam ya ɗaga masa yatsa.

"Mayar da hannunka. Ba naka ba ne balle ka bayar." Ya juya ga yarinyar. "Ba a ciniki da jini a wurina, ba a yi da gaɓa. In kin ƙi, zan ci gaba da karatu, kuma kin san ba ni zan fara gajiya ba."

Ya ci gaba. Jikin Lauya ya banƙare, Umma tana riƙe da ita tana kuka marar sauti. Wani babban dutse ya daki kwano har ya lotsa.

"Tsaya. Zan bar ta. Amma a bar mini wannan a kunne, dare da rana, kada a kashe. In zauna a kusurwa ina kallo. Ba zan taɓa kowa ba."

Malam ya cire tabaransa ya goge da gefen riga. Da ya yi magana, muryarsa ta yi laushi.

"Baiwar Allah, kin taɓa sa hannu a ruwan nan?"

Malam ya ƙara matsowa kusa da ita.

"Kin taɓa?"

"Kullum ina sawa."

"Ya jiƙa ki?"

Hannun Lauya ya fito daga cikin zane, ya miƙa, tafin ya kwanta a kan gilashin, daidai inda igiyar ruwa take tasowa tana komawa. Ya daɗe a wurin.

"Ba ya jiƙawa," muryar ta ce. "Ba ya ƙamshi. Igiyar ma guda ɗaya ce take ta dawowa, na ƙirga."

"To zane ne. Mutane ne suka zana don yara su yi dariya. Jikokinki ba za su neme ki a cikinsa ba. In suna nemanki, a bakin ruwa suke nemanki."

"Ban san hanya ba. Ƙafata ba ta tafiya."

"Wanda ya kawo ki shi zai mayar da ke." Malam ya dubi Mai Katafila. "Akwai inda aikinku bai kai ba?"

"Akwai, Malam. Bayan shinge, wajen bakin kogi. Babu kowa a wurin sai duwatsu."

"Za ka kai ta?"

"Gobe da asuba zan kama hanya."

"Kafin nan akwai abin da ya rage maka."

Mai Katafila ya matso a kan gwiwoyinsa har gaban 'yarsa. Ya dubi fuskar da ya sani tun tana cikin zanen goyo, da idanun da ba nata ba.

"Na yi miki laifi, Iya. An faɗa mini, na ƙi ji. Na ji kukansu, na toshe kunne. Ki yafe mini."

"Ban yafe ba," muryar ta ce. "In na gan su, ka sake tambayata."

Malam ya sa ta yi rantsuwa da wanda ya halicce ta cewa ba za ta sake shiga jikin kowa a gidan ba. Ta yi. Ya ce ta fita ta ƙaramin yatsan ƙafar hagu, kada ta bi ta ido ko kunne. Ƙafar Lauya ta miƙe, ta yi rawa, yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta faɗa jikin mahaifiyarta. Mai Katafila ya ji kafaɗarsa ta dama ta nutse, kamar an aza masa jariri.

Bayan ɗan lokaci Lauya ta buɗe ido. Ta dubi Malam, ta dubi mahaifinta a durƙushe.

"Umma, yunwa," ta ce.

Malam da kansa ya miƙa hannu ya kashe talabijin, bayan Auta ta nuna masa maɓallin.

Da asuba Umma ta haɗa wa Mai Katafila jaka. Ba ta yi masa faɗa ba, shi kuwa da ta yi da ya fi masa sauƙi. A bakin ƙofa ta ce, "Ka riƙa yi mata magana a hanya. Tsohuwa ce." Kwana biyu ya yi a mota a kujerar taga, kafaɗarsa tana zogi. In sun wuce gari sai ya ce a ƙasan maƙoshi, saura kaɗan, Iya. Wanda yake kusa da shi ya dube shi sau biyu, ya matsa.

Da hantsi ya sauka. Bai bi ta ƙofar kamfani ba. Ya zagaya ta bayan shingen kwano, inda yake jin ƙarar injin kwaɓa siminti da hayaniyar ma'aikata, ya bi yashi har ƙarar ta ɓace. Ya yi tafiyar kusan awa ɗaya kafin ya kai bakin kogin. Duwatsu baƙaƙe ne a zube, ruwa yana shiga tsakaninsu yana fita. Ya cire takalmi, ya yi bisimilla, ya tsuguna a kan jiƙaƙƙen yashi kamar mai sauke goyo.

"Mun iso."

Da farko babu abin da ya faru. Sannan nauyin ya zame daga kafaɗarsa, har ya kusa faɗuwa gefe. A gabansa yashi ya lotsa. Sawu ne ƙarami, ɗaya cikakke, ɗaya ja, yana tafiya a hankali zuwa wajen duwatsun. Bai kai rabi ba sai wasu sawaye ƙanana suka ɓullo daga bayan wani dutse, a guje, suka kewaye shi. Mai Katafila ya ƙirga su kafin ruwa ya zo. Ya sake ƙirgawa. Biyar ya samu.

Ya buɗe baki zai yi tambayar da aka ce ya sake yi, ya kasa. Igiyar ruwa ta zo ta shafe wurin.

Ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe ya juya, sai idonsa ya faɗa kan abin da bai lura da shi ba da zuwansa: ƙananan turaku na katako a jere a kan tudu, kowanne da jan ƙyalle a kansa, sun miƙe har bakin kogin. Wani maigadi yana tahowa ta wajen da sandarsa, ya gane shi, ya washe baki.

"A'a, Mai Katafila, har hutun ya ƙare? Ka zo duba sabon filinka ke nan. Bayan damina za a fara nan, masu safiyo sun gama awon fili. Injiniya ya ce kai za a ba, babu mai hannunka."

Mai Katafila ya laluba aljihu ya ciro makullin katafilar, wanda bai taɓa rabuwa da shi ba ko a hutu. Ya sa shi a tafin maigadin, ya naɗe masa yatsu a kai.

"Ka kai masa. Ka ce ya nemi wani."

"Wani ai ba ya wuya," in ji maigadin, yana juya makullin cikin mamaki. "Direbobi nawa suke jira a bakin ƙofa."

"Na sani," ya ce. "In an samu, ka tambayar mini ko yana da 'ya'ya."

Ya ɗauki takalmansa a hannu, ya kama hanyar tasha.